Idanun Aro

Ranar Asabar da safe, kafin baƙi su fara zuwa, Dattijo Alvah Crane ya shiga falonsa a saɗaɗe, ya ɗaga farin mayafin da aka rufe hoton marigayiyar matarsa da shi, don ya riga kowa gani. Philura tana nan zaune da hularta ta leshi, da wani ɗan murmushi da ba ta cika yi masa ba tana raye. Idanun ne babu. An yanke su, su biyun tare, a ƙyalle guda, har ana hango bangon falon ta cikin ramin.

Ihun da ya yi ya tsallaka titi ya shiga shagon Obadiah Thrall.

Obadiah mai ɗinkin takalma ne. Shi ne kuma ɗan dokan Harlow Falls, don a taron gari na bara ya fita shan taba, ya dawo ya tarar an zaɓe shi. Ya haura hamsin, gashin kansa ya yi ƙaura ya koma kunne, kuma babbar shari'ar da ya taɓa yi ita ce ta wani alade da ya cinye gonar kabeji. Ya iso falon da rigar aikinsa ta fata, da ƙusar takalmi a baki ya manta bai tofar ba.

"Dube ta!" in ji Crane. "Yau da la'asar matan coci za su cika ɗakin nan, fasto ya yi addu'a, ni kuma in ɗaga mayafi in nuna musu me? Taga?"

"Wa ya shigo nan tun jiya?"

"Wa kuwa, in ba wancan ɗan yawon duniyar ba? Haskett! Kwana da kwanaki ya hana kowa kallon aikin. Yau da sassafe na leƙa na gan shi yana loda akwatinsa a keken doki, tun ba a buɗe hoton ba. Mai gaskiya yana haka? Ɓata aikin ya yi, ya rasa yadda zai gyara, ya yanke. Ka rufe shi, Litinin a kai shi gaban alƙali."

Kowa a wannan ɓangare na jihar Vermont ya san Lemuel Haskett, mai zanen hoto. Gari-gari yake bi da keken dokinsa, ya sauka a gidan wanda zai zana, ya ci abincinsu, ya kwana a ɗakin baƙinsu har aiki ya ƙare. Da wuya ka shiga falo daga nan zuwa bakin kogi ba ka ga aikinsa ba: kowa da kafaɗa iri ɗaya, kowa da yatsu kamar ɗaurin karas, amma fuskar sak. In aka yi rasuwa a gidan da ke da hali, ana aika masa kafin a aika wa kafinta mai yin akwatin gawa. Dogo ne, yana kuma da suma har kafaɗa. Obadiah bai taɓa yin wata matsala da shi ba, ban da sumar.

Ya zagaya bayan hoton ya tsuguna. A kan yadin katifa mai ratsi aka yi zanen, kamar yadda Haskett ya saba. Obadiah ya shafa bakin yankan da ɗan yatsa. Yanka sana'arsa ce, ya san aikin wuƙa: a miƙaƙƙen yadi takan zame a kwana, ta bar zare yana reto. Wannan ba haka ba ne. An huda ɗan rami a kusurwa ta baya, aka sa almakashi, aka bi ratsin yadin tiryan-tiryan, ko zare ɗaya bai kauce ba.

"Mayafin nan yaya ka same shi?"

"A rufe. An ma kama shi da fil a gefe da gefe."

"Haskett yana sa fil?"

"Shi? Wurga shi yake yi kamar bargon doki."

Obadiah ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Wanda ya ƙi mutum, Dattijo, keta hoton yake yi tun daga goshi har ƙirji. Wannan lallaɓawa ya yi. So yake ya tafi da su gida." Ya ji daɗin maganar ƙwarai, har ya yi fatan da akwai ƙarin masu saurare. "Abin tambaya shi ne, wa zai so idanun mamaciya?"

"Ai ba nata ba ne," in ji Crane. "Na Keziah ne."

"Wace Keziah?"

"Keziah nawa ne a garin nan? Matarka. Da ita da Philura ba 'ya'yan wa da ƙani ba ne? Ni na gaya wa Haskett idonsu ɗaya, ya aro nata. Ta yi ta zuwa tana zaunar masa da rana. Ba ta gaya maka ba?"

"Ta gaya mini mana," in ji Obadiah, ya kusa haɗiye ƙusar.

Ta kuwa gaya masa. Yanzu ya tuna wani cin abincin yamma da ta daɗe tana magana, fuskarta a sake, shi kuma yana tauna yana cewa "to, madalla," hankalinsa yana kan dundunniyar takalmin fasto. Mu mazan Harlow haka muke sauraron matanmu, muna kuma kiransa zaman lafiya.

Daga wannan lokacin shari'ar ta sauya a kansa. Ɗazu ɓarawon hoto yake nema. Yanzu akwai wani namiji a garin nan da ke yawo da idanun matarsa a aljihu. Ya dubi Crane, sai ya tuna cewa shekaru da yawa da suka wuce, tun Crane yana da ƙugu, ya taɓa raka Keziah gida daga ajin koyon waƙar coci, kuma ta doguwar hanya.

"Jiya da rana ina kake, Dattijo?"

"Ni kake tambaya? A falona?"

"Doka ce ke tambaya."

"Dokar da ta riƙe mini takalmi tun kafin damina! Muna makabarta ana kafa dutsen kabari, ni da duk mutanen gidan, ban da surukata da ƙafa ta hana. Tambayi fasto." Ya ɗaga hannunsa na dama ya kai shi dab da hancin Obadiah. Babu babban yatsa, injin masaƙarsa ya cinye shi tuntuni. "Kuma da me zan riƙe almakashin? Da haƙori?"

Obadiah ya cire shi daga lissafi, ba da son ransa ba.

Haskett bai yi gardama ba da aka ce ya wuce gaba. An kai shi ɗan ɗakin da ke bayan zauren taron gari, inda ake ajiye bokitan kashe gobara. Ya kife bokiti ɗaya ya zauna, ya gyara sumarsa.

"Yaya kake zana mamaci?" in ji Obadiah.

"Yadda kake ɗinka takalmi, Mista Thrall. Awo. Washegarin rasuwa na shiga da zare, na auna goshi, na auna hanci da haɓa, na yanki gashi kaɗan don launi. Ido ne ba ya aunuwa. Kafin in iso an rufe shi. Sai a nemi aro cikin dangi."

"Ka aro na matata."

"Mijin marigayiya ne ya zaɓa."

"Ka yi ta kallonta."

"Da wuya mutum ya zana ido yana kallon rufin ɗaki."

"Me kuke faɗa?"

"Ni shiru nake yi, ita ke magana. Tana da hira mai daɗi. Ta ce rabon da wani ya dube ta tsawon haka tun ranar aurenta."

Kunnuwan Obadiah suka ɗau zafi. Ya buɗe akwatin mai zanen ya shiga watso kaya: buroshi, wuƙaƙen haɗa fenti, kwalaben mai, safa mai huji. Babu almakashi. Da ganin sumar ma an san mutumin ba ya hulɗa da almakashi.

"Me ya sa kake loda kaya tun ba a buɗe hoto ba?"

"Na fi son a yabe ni ina kan hanya."

"Me ya sa ka hana kowa gani?"

Haskett ya dubi bokitai. Ya dubi ƙofa. "Mista Thrall, game da idanun nan, akwai abin da watakila ya kamata in..."

"Ka sake ambatar idanun nan, in ɗinke maka baki da zaren takalmi."

Haskett ya rufe bakinsa, da alama ma ya ji sauƙi.

"Jiya da rana ina kake?"

"A masauki, da Orrin Bixby, har rana ta faɗi. Na yi masa wani ɗan alkawari ne nake cikawa." Ya ɗan sunkuyo. "Ka yi tunani, ranka ya daɗe. Da ina son su, ai sai in zana goma a bayan faifan katako kafin shayinka ya huce. Don me zan huda aikin da na yi makonni a kansa? In ka kai ni gaban alƙali, ko ya sake ni na mutu. Wa zai ƙara buɗe wa mai yanke idon matattu ƙofar falonsa? Kafin dusar ƙanƙara ta sauka labarin ya riga dokina zuwa kowane gari."

Maganar gaskiya ce, Obadiah ya san gaskiya ce. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne goman nan da za a iya zanawa a kowane lokaci. Ya fita ya datse ƙofa.

Orrin Bixby, ƙanin marigayiya, katako yake ja da keken shanu in ya tuna inda ya bar shanun. Obadiah ya same shi a bayan masauki, zaune kan ganga, da kofin giyar tuffa.

"A'a, surukin doka! Zo ka zauna. An ce maka na saci alade?"

"Jiya kana tare da Haskett?"

"Mutumin kirki! Tun azahar har duhu. Tambayi mai masauki, shi ya fitar da mu da tsintsiya."

"Me ya haɗa ka da mai zane?"

"Aiki, suruki, aiki mai wuya. Kwanakin baya ya zaunar da ni gaban taga, ya ce kada in ƙifta, kada kuma in sha komai tun daren da ya gabaci ranar. Tun da uwata ta haife ni ban yi wahala irin ta ranar ba. Jiya ne ya biya ni ladana da giya."

"Kai? Wa zai rataye fuskarka a bango? Ko a rumbu za a sa ta don ɓeraye?"

"Ya ce kada in faɗa." Orrin ya kashe ido ɗaya, ya ɗaga kofin zai kai baki, rabi ya zube a gemunsa. "Kai dai da kanka mai kama da ƙwai, ba wanda ya nema."

Obadiah ya kalli hannun yana rawa kamar ganye. Wannan hannun ko burodi ba zai yanka a miƙe ba. Mai masauki ya tabbatar da sauran: su biyun ba su motsa ba ranar Juma'a tun azahar har duhu. Ga mai zane ya fita, ga Orrin ya fita. Da mai hankali ne, da ya koma ya buɗe ɗakin bokitai. Obadiah ya ce a ransa kwana ɗaya cikin bokitai bai taɓa kashe kowa ba.

Saura tsohuwa. Iya Bixby, uwar Philura da Orrin, tana ɗakin girkin Crane, kusa da murhu, ƙafafunta a naɗe da bargo. Yatsunta sun kanannaɗe da ciwon sanyi, ko cokali da hannu biyu take kamawa.

"Barka da rana, Iya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Ɗaga murya, Obadiah, ba da takalmi kake magana ba. Ka zo neman idanu?"

"Kin ga wani ya shigo jiya?"

"Na ga bayan idona. Barci nake yi. Na dai ji ƙofar nan ta baya ta yi ƙara, ita kuwa sai 'yan gida ke bi ta nan, baƙo ta gaba yake zuwa. Da na farka na tarar an ajiye mini wancan." Ta nuna tebur da haɓa. Gasasshen burodin kabewa ne a faranti, an ci rabi. "Yanka ka ci, ka rame kamar ganga."

Ya yanka ya ci, don bincike.

"Ku maza," in ji tsohuwar, tana kallonsa yana tauna. "Alvah ya yi shekara ashirin da 'yata a tebur ɗaya. Na gaya wa mai zanen nan, na ce, yaro, in kana son sanin launin idon mace, kada ka tambayi mijinta. Kai ma, Obadiah, wane launi ne idon matarka?"

"Iya, ni ke yin tambaya a nan."

"Uhum," in ji ta.

Bai ma ji ta sosai ba, don harshensa ya riga ya gaya masa wani abu. Citta ta yi yawa a burodin, daidai yadda yake so. Ya juya farantin. Ga ɗan ɓallin da ke bakinsa, wanda shi da kansa ya yi da gudumar takalmi shekaran bara, aka yi masa faɗa har Lahadi.

Ya fito titi. Da wani ɗan doka ne, da ya haɗa faranti da ƙofar baya da almakashi nan take. Obadiah ya haɗa faranti da suma. Ashe burodi Keziah take kai wa mai zane, da cittarsa, a farantinsa, ranar da ta san gidan ba kowa!

Da yamma Keziah ta ajiye masa gasasshen waken Asabar. Da ta miƙo hannu sai ya ji ɗan warin man fenti a bakin hannun rigarta. A karo na farko cikin shekaru ya zauna ya baza kunne yana jira ta yi magana. Ita kuwa a karo na farko ba ta ce komai ba. Ba ta tambayi labarin da duk gari ke yi ba. Ta ci wake ƙwaya-ƙwaya, idonta a faranti.

Lahadi da safe ya ɗauko sabuwar rigar da ta yanka masa ranar Juma'a da yamma, ta kwana biyu tana ɗinki don ya sa zuwa coci. Yana juya wuyan rigar sai ya ga wani siririn layi a bakin yadin, ta ciki, inda almakashi ya fara ci. Launin fatar mutum ne. Ya murza da yatsa, ya shinshina.

Ya zauna a bakin gado da riga a hannu, tumbinsa a waje. Sai ga abubuwan sun jeru da kansu, kamar ƙusoshi a tafin takalmi. Abin da ya fara ji ba tsoro ba ne, ba kunya ba. Daɗi ya ji. Ashe wanda ya yanke idanun ba namiji ba ne.

Ya same ta a ɗakin girki tana ɗaura hular coci.

"Keziah, zauna."

"Za mu makara, Mista Thrall."

"Fasto ba zai fara babu takalmi ba, nasa suna shagona. Zauna." Ta zauna. Ya shimfiɗa rigar a tebur. "Wanda ya yanke hoton nan da almakashi ya yi, ya bi zaren yadi. Mutum ɗaya na sani da ba ya iya yanka yadi a karkace ko da wuta ta kama gidan. Da ya gama ya mayar da mayafi ya sa fil, don ba ya iya barin abu a hargitse. Ta ƙofar baya ya shiga, ɗan gida ne ke nan. Ya bar wa Iya burodi a farantin da na ɓalla. Fentin bai gama bushewa ba, ya shafi almakashin, almakashin ya shafi rigata." Ya nuna layin. "Crane ba yatsa. Orrin ba hannu. Iya ba ƙafa. Haskett yana masauki. Idanun suna ina?"

Ta daɗe tana kallon layin. Sai ta tashi ta jawo kwandon ɗinkinta, ta ɗaga ƙullin zare, ta fito da ƙyallen a naɗe cikin hankici, ta ajiye a gabansa.

"Ban san za ka rufe bawan Allah ba," in ji ta. "Jiya ban runtsa ba. Da an tashi coci zan je in gaya wa Alvah da bakina. Na je ne kawai in leƙa kafin kowa, sai na..."

"Kada ki faɗa. Na sani."

"Ka sani?"

"Aikina ne in sani." Ya gyara murya, don wannan ɓangaren ya fi alfahari da shi. "Kin ɗaga mayafi, kin ga idanunki. Sai kika tuna inda za a rataye su. A falon Alvah Crane, wanda ba shi da mata yanzu, wanda ya taɓa raka ki gida ta doguwar hanya. Kowace yamma ya ja kujera ya zauna yana kallon idon matar wani, har ƙarshen ransa. Kika ce a'a. Kika ce waɗannan suna da mai su."

Keziah ta ƙara tura masa hankicin.

"Obadiah," in ji ta a hankali, "buɗe ka dube su. Ka dube su da kyau."

Ya warware hankicin. Idanu biyu suka dubo shi, masu ɗan ruwa-ruwa, masu taushi, kamar suna roƙon wani abu.

"Ko cikin dubu aka sa su zan gane su," in ji shi.

Ta tsura masa ido. Yana gabanta, tazarar tebur ce kawai tsakaninsu, hasken safiya yana kan fuskarta sosai. Shi kuwa ƙyallen yake kallo. Wani abu ya gilma a bakinta, ko dariya ko kuka, ta haɗiye shi.

"Sa rigarka," in ji ta. "Tumbinka zai yi mura."

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ya buɗe ɗakin bokitai. Ya tasa mai zane da Keziah zuwa falon Crane, ya tsaya gaban hoton mai taga, ya maimaita bayanin tun daga almakashi har zuwa dalili, ya ɗan ƙara masa gishiri. Keziah ta sunkuyar da kai ta ce ta yi laifi, a gafarce ta. Crane ya yi ja, ya yi fari, amma shi dattijon coci ne, kuma an kawo masa mace da ta huda hoto don kunya da riƙon aure, ranar Lahadi, ga fasto zai ji labari. Ya ce, to, ya yafe, in dai za a gyara. A ƙasan ransa ma da alama bai ƙi a ce har yanzu ana yi masa kallon haɗari ba.

Haskett ya saurari dalilin daga farko har ƙarshe, girarsa tana hawa sama a hankali. Ya dubi Keziah. Keziah ta dube shi.

"Zan liƙa ƙyalle ta baya," in ji shi. "Ba wanda zai ga tabo. Ba kuma sai na sake wahalar da Uwargida Thrall ba."

"Ba za ka sake ba kam," in ji Obadiah. "Wannan kuma doka ta riƙe shi." Ya sa hankicin a aljihu.

Aka ɗaga bikin buɗe hoton zuwa wata Asabar. Haskett ya gyara aikin ƙofa a rufe, ba mai shiga sai Orrin, wanda aka ce yana taya shi ɗaga kaya, aka kuma gan shi yini guda a garin nan ba ya tangaɗi. Ranar buɗewa Iya Bixby ta sa aka ɗauko ta da kujera. Ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Ita ce," ta share ido da bayan hannu. Haskett ya kama hanya da sunansa lafiya. Da zai wuce shagon takalma ya ɗaga hula, Obadiah ya yi kamar yana neman ƙusa.

Sauran labarin matan coci sun haɗa shi tun a ranar, don su suna kallon fuskar mutane. Haskett ya fara zana idanun Keziah kamar yadda Crane ya ce. Iya ta leƙa ta ce wannan ba 'yarta ba ce, in yana son idon Philura ya je bayan masauki, yana kan fuskar ƙaninta Orrin. Mai zane ya goge ya sake a ɓoye, don ba ya son Crane ya san idon wa zai rataye a falo, ba ya kuma son ya kasance a gari ranar da Keziah za ta gani. Ita kuwa ta riga ta gaya wa kowace mace a ƙungiyar ɗinki cewa idanunta za su zauna a bangon Crane har bayan ranta. Ta je Juma'a da burodi a hannu don ta gaisa da su, ta ɗaga mayafi, ta tarar mashayin gari ya ƙwace mata wuri.

Ba wadda ta gaya wa Obadiah. Ya rage ƙyallen da wuƙarsa, ya sa shi a murfin agogon aljihunsa, a gefen zuciya. In aiki ya yi sauƙi yakan buɗe ya daɗe yana kallo, wani lokaci Keziah tana tsaye a ƙofar shago da abincin ranarsa. Ya riƙe shi har aka binne shi da shi.

Idanun da ke cikin agogon ruwan toka ne. Na Keziah ruwan ƙasa ne.